Wa Ya Kashe LoveFilm?

A watan Agustan 2017 saƙo ya isa ga masu hayar fim ta gidan waya a Birtaniya da Jamus cewa daga ranar 31 ga Oktoba kamfanin LoveFilm zai daina aiko musu da faifai. Dalilin da aka bayar gajere ne: mutane sun rage karɓar hayar faifan DVD da Blu-ray, sun koma kallo kai tsaye ta intanet. Jaridu suka ɗauka suka yaɗa, aka ce zamani ne ya wuce da shi, aka rufe maganar.

Ni dai wannan bayani bai gamsar da ni ba. Kamfanin da zamani ya wuce da shi yakan yi jinya a gaban idon kowa: bashi ya taru, masu bin bashi su kai ƙara, kotu ta naɗa masu rabon abin da ya saura. LoveFilm bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A Janairun 2012 ya ba da sanarwar cewa masu biyansa kuɗin wata sun kai miliyan 2, kuma babu kamarsa a wannan sana'a a duk Turai. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, kallo ta intanet ɗin da aka ce ya kashe shi, shi ma yana sayar da shi, har ma ya riga Netflix fara shi a Birtaniya. To ta yaya hajar da ke cikin shagonka za ta zama ajalinka? Ruwa ba ya tsami banza. Sai a bi sawu.

Kafin a nemi mai laifi, ya kamata a san yadda sana'ar take a wancan lokaci. Duk wanda ya taɓa karɓar hayar kaset a shagon unguwa ya san ciwonta guda biyu: fim ɗin da kake so wani ya riga ka ɗauka, wanda ka ɗauka kuma in ka makara wajen mayarwa sai an ƙara maka kuɗi. Haya ta gidan waya ta zo ne da maganin na biyun gaba ɗaya, na farkon kuma ta rage masa zafi. Mutum zai shiga shafin kamfanin ya jera fina-finan da yake so, ya nuna waɗanda ya fi matsuwa da su. Yana biyan kuɗi ƙayyadadde a wata, faifai ɗaya ko biyu ko uku su zauna a hannunsa gwargwadon abin da ya biya. Faifan yakan zo a cikin ambulan mara kauri, an riga an biya kuɗin dawowarsa. Ka yage gefe ɗaya ka zaro, ka kalla yau ko bayan wata guda, babu tara. In ka gama ka mayar cikin wannan ambulan ɗin, ka liƙe, ka jefa a akwatin gidan waya na bakin titi. A rumbun kamfanin da ke garin Peterborough ake buɗe shi, a duba ko ya karce, na'ura ta karanta lambarsa, kwamfuta ta zaɓi mutum na gaba da ke jiransa, kai kuma ta zaɓo maka na gaba a jerinka.

Duk wannan ya yiwu ne saboda nauyi. Kaset ɗin bidiyo ƙato ne, aikawa da shi ta gidan waya ya fi kuɗin hayarsa tsada. Faifan DVD kuwa faɗinsa santimita 12 ne, nauyinsa bai wuce giram 16 ba, yana tafiya a kuɗin wasiƙa. Reed Hastings da Marc Randolph ne suka gina Netflix a kan wannan lissafi a Amurka, suka fara aika faifai a 1998, suka shigo da tsarin biyan wata a 1999. 'Yan kasuwar Birtaniya suka gani suka kwaikwaya.

A watan Mayun 2002 Paul Gardner da Graham Bosher suka kafa DVDsOnTap a Harlow, cikin gundumar Essex. A Satumban 2003 wasu biyu suka ɓullo a Landan: ScreenSelect na William Reeve da Alex Chesterman, da Video Island na Saul Klein. Kamfanin zuba jari na Arts Alliance ya sayi DVDsOnTap ya sauya masa suna zuwa LoveFilm a ƙarshen wannan shekara. Daga nan sai haɗiye-haɗiye: ScreenSelect da Video Island suka haɗe a 2004, suka yi ta sayen ƙananan abokan hamayya, sannan a Afrilun 2006 su da LoveFilm suka zama kamfani ɗaya a ƙarƙashin Simon Calver. Dalilin wannan haɗuwa a fili yake. Dubban fina-finan da za ka tara don mutum dubu goma, su ne dai za ka tara don mutum dubu ɗari biyar. Wanda ya fi jama'a shi ne kuɗin rumbu ya fi yi wa sauƙi, ƙarami kuwa ko ya sayar ko ya mutu.

Wanda za a fara zargi shi ne tsohon sarkin kasuwar, Blockbuster, mai shaguna a manyan titunan kusan kowane gari, wanda shi ma ya buɗe haya ta intanet. Wannan zargi ba ya daɗewa. Uwar kamfanin a Amurka ta durƙushe a Satumban 2010. Reshen Birtaniya, mai shaguna 528, ya faɗa hannun masu kula da karyayyun kamfanoni a Janairun 2013, kafin shekarar ta ƙare an rufe shagon ƙarshe. Wanda ya riga ka kwanciya a kabari da shekara huɗu ba shi ya kashe ka ba. In ma akwai jini a tsakaninsu, a hannun LoveFilm yake.

Na biyu shi ne gidan waya, kuma a nan akwai ƙamshin gaskiya. Kowane faifai sai an biya masa tafiya biyu, zuwa da dawowa, kuma kamfanin ne ke biya. Wannan ya haifar da wani abu da ba a saba gani a kasuwa ba: kwastoman da ya fi son hajarka shi ne ya fi cin ribarka. Wanda ke kallon fim goma sha biyar a wata yana iya jawo asara, wanda ya ajiye faifai ɗaya a kan talabijin ya manta da shi wata biyu shi ne riba tsantsa. Kuɗin kan sarki kuma hawa yake ta yi. A 2002 wasiƙa mai saurin isa peni 27 ce. A ƙarshen Afrilun 2012 aka ɗaga ta daga peni 46 zuwa 60 a tashi ɗaya. Ga yajin aikin ma'aikatan gidan waya a 2007 da 2009, wanda ya bar mutane suna biyan kuɗin wata faifai na kwance a buhu. Amma manyan masu aike irin LoveFilm ba farashin kan sarki na kowa da kowa suke biya ba, suna da yarjejeniyar masu aike da yawa. Kuma a cikin shekarun nan da kuɗin ke hawa, jama'ar kamfanin ƙaruwa suka yi ta yi. Gidan waya ya ji masa ciwo, bai kai shi ƙasa ba.

Na uku, wato kamfanonin fim na Holiwud, ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin a wurinsa ne aka fara ganin bakin zaren. A ƙarshen 2009 masu haya suka lura cewa sababbin fina-finan kamfanin Universal, irin su Inglourious Basterds da Public Enemies, ba sa shigowa rumbun LoveFilm. Saɓani ne ya shiga tsakanin kamfanonin biyu a kan sharuɗɗan ciniki, kuma bai warware ba sai cikin 2012. Ba'amurke zai yi mamakin yadda hakan ta yiwu. A dokar Amurka, in ka sayi faifai na halak ya zama naka, kana iya ba da hayarsa ko mai fim ya so ko bai so ba. Shi ya sa in wani kamfanin fim ya yi wa masu haya a can rowa, sai su aika a sayo a kanti. A Turai ba haka abin yake ba. Tun dokar da Tarayyar Turai ta yi a 1992, haƙƙin ba da haya na mai fim ne, sai da izininsa. Ke nan tun farko akalar LoveFilm tana hannun Holiwud fiye da ta takwaransa na Amurka.

Duk da haka faifai yana da wata falala. In ka same shi ka ajiye a rumbu, ya zauna ke nan. Fim ɗin 1955 da mutum biyar ke nema a shekara ba ya cin komai sai ɗan gurbin da ya tsaya a kanta. Da haka rumbun ya kai fina-finai sama da 70,000 a lokacin da kamfanin ke ganiyarsa. Kallo ta intanet kuwa wata duniya ce daban. Babu abin da ka mallaka. Lasisi ne kake saye na 'yan shekaru, na ƙasa kaza, a kan kuɗi masu nauyi da za ka yi alkawarinsu tun kafin ka san mutum nawa za su kalla, in wa'adi ya cika kuma a koma teburin ciniki. A Birtaniya akwai ƙarin tarnaƙi: tashar Sky ce ke riƙe da haƙƙin fara nuna sababbin fina-finan manyan kamfanonin Holiwud shida ga masu biyan kuɗin wata, har sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta shafe daga 2010 zuwa 2012 tana bincike a kai. LoveFilm bai yi barci ba. Tun a Afrilun 2006 ya fara sayar da King Kong ta hanyar saukewa daga intanet, a 2010 kuma ya shiga cikin talabijin na Sony da Samsung da na'urar wasa ta PlayStation 3. Fasaha ba ta gagare shi ba. Abin da ya rasa shi ne aljihun da zai yi gogayya da Sky a wajen sayen lasisi. Holiwud ba ta kashe shi ba, amma ta mai da shi mabuƙacin mai kuɗi. A riƙe wannan.

Sai na huɗu, wanda kowa ke nunawa da yatsa. Netflix ya shigo Birtaniya da Ayalan ranar 9 ga Janairun 2012, da kallo ta intanet kawai, a kan fam 5.99 a wata. Nan take LoveFilm ya fito da nasa tsarin a kan fam 4.99. Shekara biyu bayan haka sunan LoveFilm ya ɓace daga fagen kallo ta intanet. Biri ya yi kama da mutum. Sai dai kwanakin ba su jitu ba. Ranar da Netflix ya iso, LoveFilm ya kusa shekara guda ba shi da ikon kansa, an riga an saye shi. Duk shawarar da aka yanke a kansa daga 2011 zuwa 2017, ta faɗa ce ko ta janyewa, ba a ofishinsa aka yanke ta ba.

Akwai kuma wani tsohon al'amari a tarihin Netflix da ya juya binciken gaba ɗaya. Ba 2012 ne karo na farko da ya nufi Birtaniya ba. A 2004 ya shirya tsaf zai buɗe hayar faifai a can. A watan Oktoba na shekarar sai ya fasa, ya rage farashinsa a gida daga dala 21.99 zuwa 17.99, darajar hannun jarinsa ta zube da kusan kashi 40 cikin ɗari a yini guda. Dalilin da Hastings ya bayar shi ne yana sa ran Amazon zai shigo sana'ar, don haka dole ya tattara ƙarfinsa ya tsare gida. Amazon kuwa ya shigo ɗin, amma ba a Amurka ba. A Disamban 2004 ya buɗe hayar DVD a Birtaniya, a 2005 ya buɗe a Jamus. A Amurka bai taɓa buɗewa ba. Ashe filin da LoveFilm da ScreenSelect suka samu suka yi girma babu Netflix a kansu, tsoron Amazon ne ya share musu shi. Sunan da ba a sa cikin waɗanda ake zargi ba, ga shi tun a farkon labarin.

Daga nan sawun a bayyane yake. Amazon ya yi shekara uku yana fafatawa a hayar faifai bai kamo LoveFilm ba. A Fabrairun 2008 aka ba da sanarwar da aka ɗauka a matsayin babbar nasarar kamfanin na Landan: LoveFilm ya sayi sashen hayar DVD na Amazon a Birtaniya da Jamus, jama'arsa sun haura 900,000. Ƙaramin kamfani ya kori ƙato daga kasuwa. Hukumar OFT, mai sa ido kan adalci a ciniki a lokacin, ta duba lamarin, domin haɗakar za ta riƙe sama da kashi 90 cikin ɗari na haya ta intanet a ƙasar, ta kuma amince a kan hujjar cewa mai son fim yana da wasu hanyoyi da yawa na samunsa. Amma da me LoveFilm ya biya? Da hannun jarinsa. Amazon ya miƙa kwastomominsa, ya ƙara da tsabar kuɗi, ya karɓi kaso a cikin kamfanin, ya wayi gari shi ne mai hannun jari mafi girma. A takarda LoveFilm ne mai saye. A zahiri ranar ce aka fara sayensa.

A ganina nan ne maganar ta ƙare, sauran duk cikawa ce. Kamfanin da babban mai jarinsa Amazon ne, wa zai zo ya taya shi? Duk mai sha'awa ya san akwai wanda ya riga shi zama a ɗakin. Lokacin da buƙatar kuɗin lasisi ta matso, ƙofar da ta fi kusa ita ce wadda aka buɗe tun 2008. Ranar 20 ga Janairun 2011 Amazon, wanda kasonsa ya kai kusan kashi 42 cikin ɗari, ya sanar da sayen ragowar, a cinikin da rahotanni suka ƙiyasta darajar kamfanin a kan fam miliyan 200.

Abin da ya rage a gano shi ne me Amazon ya saya a ransa. Amsar ta fito bayan wata ɗaya kacal. A Fabrairun 2011 ya ƙara kallon fim ta intanet a cikin tsarinsa na Prime a Amurka, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Prime tsari ne na biyan kuɗin shekara don a riƙa kawo maka kayan da ka saya da sauri. Wanda ya biya yakan fi yin sayayya a Amazon, don haka duk abin da zai hana shi ficewa yana da daraja, ko da shi kansa abin ba ya kawo riba. Fim a wurin LoveFilm shi ne hajar. A wurin Amazon kuwa gyara ne da ake ɗora wa mai saye don ya dawo gobe. Abin da yake buƙata daga Landan shi ne jama'ar da suka saba biyan kuɗin wata, da yarjejeniyoyin lasisi na Turai, da manhajar da ta riga ta shiga talabijin ɗin mutane. Rumbun faifai ya biyo kaya ne kawai.

Da wannan a zuciya, abubuwan da suka biyo baya sun daina zama abin mamaki. Simon Calver ya tafi a 2012, ya koma shugabancin Mothercare mai sayar da kayan jarirai. A 2013 aka rufe rassan Suwidin da Nowe da Denmak, ƙasashen da Amazon ba shi da kantin intanet nasa a lokacin, wato babu Prime ɗin da za a ciyar. A shekarar dai aka daina ba da hayar faifan wasanni. Ranar 26 ga Fabrairun 2014 aka ɗauke sashen kallo ta intanet ɗungurungum aka zuba shi cikin Prime, aka sa masa sunan Amazon, kuɗin Prime a Birtaniya ya tashi daga fam 49 zuwa 79 a shekara. Sashen da ke da gobe an tafi da shi. Aka bar tsohon sunan a kan sashen gidan waya kaɗai, babu talla, babu sabon jari, har ranar da aka ce buƙata ta ragu.

Ta ragu ɗin, wannan gaskiya ne. Amma raguwa daban, ƙarewa daban, kuma akwai shaidu biyu. Netflix, wanda ya fi kowa cin moriyar kallo ta intanet, ya ci gaba da aika faifai a Amurka har ranar 29 ga Satumban 2023, kusan shekara shida bayan rufe LoveFilm, kuma ko a 2022 wannan sashe ya kawo masa kuɗin shiga kimanin dala miliyan 146. A Birtaniya ma wani ƙaramin kamfani, Cinema Paradiso, wanda ya fara tun 2003, ya karɓi da yawa daga cikin waɗanda aka sallama ya ci gaba da aika musu faifai. Sana'ar tana iya ciyar da mai ita. Ta dai yi wa Amazon ƙanƙanta ne.

Ban ga laifin waɗanda suka sayar ba. Sun hango cewa yaƙin da ke tafe na masu biliyoyi ne, kuma sun hango daidai. Da sun tsaya su kaɗai tsakanin Sky da Netflix, da wuya su kai labari. Ban kuma ce Amazon ya yi zamba ba, komai a fili aka yi shi, hukuma na kallo. Abin da ke damuna shi ne asarar da ba ta shiga lissafin kowa ba. Mutanen da suka rage a sashen gidan waya har 2017 ba waɗanda suka kasa gane zamani ba ne. Akwai mazauna karkara da intanet ɗinsu ba ya iya ɗaukar fim. Akwai tsofaffi da suka saba da faifai. Akwai kuma masu neman abin da ba a samu a ko'ina: fina-finan Iran da Japan da Senegal, tsofaffin na Indiya, na baƙi da fari da babu kamfanin da zai biya musu lasisi don mutum ɗari. Kallo ta intanet ya kawo sauƙi na gaske, amma dandali yawanci 'yan dubban fina-finai yake ɗauke da su, kuma wanda ka gani yau yana iya ɓacewa a wata mai zuwa in wa'adinsa ya cika.

Amazon kansa ya ɗauki darasin da rikicin Universal da tsadar lasisi suka koyar, cewa a wannan kasuwa mai fim shi ne mai iko. Ya shiga shirya nasa, sannan a Maris ɗin 2022 ya kammala sayen tsohon kamfanin fim na MGM a kan dala biliyan 8.45. Fina-finan da ya samu a wannan ciniki kimanin 4,000 ne. Rumbun Peterborough da ya rufe a 2017 yana ɗauke da sama da 80,000.